Yadda muka kai maganar masu kwale-kwale zauren tsara wutar lantarki

A rediyo na fara jin sanarwar, daga baya wani abokin aikina ya turo mini ita ta WhatsApp. Za a yi taron jin ra'ayin jama'a a babban birnin jiha kan tsarin samar da wutar lantarki na shekaru masu zuwa, kuma duk mai bayani a rubuce ya miƙa shi kafin ranar zaman. An jero waɗanda ake son su halarta: masu masana'antu, 'yan kasuwa, ƙungiyoyin masu biyan kuɗin wuta, injiniyoyi, wakilan masarautu. Ba masunta a ciki, ba masu fito. Ban ga laifin wanda ya rubuta ba, don a wurin yawancin mutane zancen wuta zancen waya ne da turke da taransifoma. Ni kuwa a gidan Sarkawa, masu su da fito na gado, aka haife ni a ƙasar Yawuri, na iya riƙon filafili tun kafin a sa ni makaranta, kuma na san wani babban kaso na wutar ƙasar nan daga ruwan da iyayena ke tuƙi a kansa yake fitowa.

Manyan madatsun ruwa huɗu ne ke ɗauke da wutar ruwa ta Najeriya, dukkansu kuwa a wannan yanki namu suke. Kainji da Jebba a kan Kogin Neja, wanda mu Kwara muke ce masa, Shiroro da Zungeru a kan Kogin Kaduna. Kainji megawat 760, Jebba 578, Shiroro 600, Zungeru da aka gama a baya-bayan nan 700. Ba kullum suke ba da wannan adadi ba, amma a ƙasar da babban layinta ke yawan tsayawa tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ba a raina su. Abin da ya sa tarukan jin ra'ayi suka yawaita kuwa shi ne dokar wutar lantarki ta 2023. Ita ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita, ta kuma ɗora wa gwamnatin tarayya fitar da manufa ta bai-ɗaya wadda za a riƙa sabuntawa. Tsari irin wannan ba ya cewa gobe za a datse kogi a wuri kaza. Lissafi yake yi: nan da shekara goma ko ashirin jama'a za su kai nawa, wuta nawa za su sha, nawa za a samo daga gas, nawa daga hasken rana, nawa daga ruwa. Sai dai daga cikin wannan lissafin ake ɗauko komai daga baya. Ranar da ma'auna ƙasa suka iso garinku da tutoci da fenti, magana ta riga ta yi nisa. Tun ran gini tun ran zane.

Mu mun san haka ne daga abin da ya faru da kakanninmu. A 1964 aka fara ginin Kainji, a 1968 aka tare ruwa, tafki ya miƙe sama da kilomita 130 har ya iso ƙasarmu. Mutane kimanin 44,000 aka tayar. Tsohuwar Bussa ta nutse aka gina sabuwa, Gungawa da dama suka bar tsibiransu suka koma tudu, an gina musu gidajen siminti. An biya abin da aka biya, an ƙidaya ɗakuna da rumbuna. Hanyar jirgi ce ba a ƙidaya ba. Ba a sare duk itatuwan da ruwa zai rufe ba, kuma har yau, fiye da shekara hamsin, kututturansu na nan a tsaye a ƙarƙashin ruwa. Da a lokacin an zaunar da tsoho guda mai fito an tambaye shi, da ya nuna layin da ya kamata a share.

Koyarwa nake yi a makarantar sakandare, shi ya sa duk wata takarda ta mutanen bakin ruwanmu ta hannuna take biyowa. Amma ba ni da hurumin yin magana da sunansu sai da izini, don haka gidan Sarkin ruwa na fara zuwa. Na same shi a zaure yana duba wani yaro da ke ɗinke kalli, wato ragar kamun kifi. Na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa sanarwar da Hausa.

Ya ce, "Malam, mu da ba mu da wuta a garin nan sai ta janareta, me ya kai mu taron wuta?"

Na ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wutar ba ta zo mana ba, amma ruwanmu ne ke zuwa wurinta. Su a can za su yanke yadda za a riƙa tare shi da yadda za a riƙa sakinsa nan da shekara ashirin."

Ya yi shiru, sannan ya ce in haka ne kada in tafi da bakina kaɗai. Ya ce in zaga mashigai in ji ta bakin matuƙa, in ji ta bakin mata masu sayen kifi, kuma lallai in nemi 'yan uwanmu da suka yi ƙaura suka zauna ƙasa da madatsun, don ciwonsu daban ne da namu. Wannan umarni nasa shi ne ya tsara duk aikin da na yi bayan nan.

Na fara da na gida. Mu da ke saman dam, shekararmu ruwa biyu ke juya ta. Farin ruwa yana zuwa a ƙarshen damina, ruwan saman da ya sauka nan kusa, Gulbin Sakkwato da sauran rafuka ke kawo shi da laka. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya daɗe yana yawo a fadamun Mali kafin ya ratso Nijar, sai cikin hunturu yake iso mana, ya riga ya tace. Da waɗannan biyun ake cika tafki. Daga bazara kuma a yi ta jan sa ana yin wuta, ya riƙa sauka har mita da yawa kafin wani farin ruwan ya zo. Duk wanda na tambaya a mashigi, maganarsa a kan wannan saukar take. Wani matuƙi ya kai ni wani wuri da muka saba wucewa, ya ɗaga filafili ya bar jirgin yana tafiya a hankali, ya ce in leƙa. Kan wani kututture ne baƙi ƙirin, bai fi tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin ruwa ba, ba ya ko tayar da igiya. Ya ce idan ruwa ya cika, a samansa ake wucewa lafiya, idan ya janye sosai ana ganinsa a kauce. Tsakanin nan ne yake fasa jirgi, musamman mai inji da ya ɗauko gudu. Kuma tsakanin nan ba ya faɗowa a mako ɗaya kowace shekara, ya danganta da yadda aka ja ruwa.

Mata suka kawo nasu. Idan ruwa ya janye, mashigi kan gudu ya bar gari da nisa, sai su ɗauki kwandon kifi ko buhun albasa a ka su ratsa taɓo har gwiwa. Amma wata dattijuwa ta ce kada in je in ce ba ma son janyewar ruwa. A ƙasar da ya bari ne ake noman rani, a nan shanu ke samun ciyawar burgu. Abin da ke cutar da su shi ne ya dawo ba a lokacin da aka saba ba, ya ci shuka tana gab da nuna. Ta ce, "Ɗana, ba tafiyarsa ke damunmu ba, rashin sanin ranar dawowarsa ne." Na rubuta wannan yadda ta faɗa.

Na ƙasan dam kuwa ta waya na same su. Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, da ya daɗe da zama ƙasa da ɗaya daga cikin madatsun nan, yana su yana fito. Na roƙe shi ya tara mutanensa su yi mini saƙon murya. Su ba zancen watanni suke yi ba, zancen awoyi ne. Ka ɗaure jirginka da dare a ruwa, da safe ka same shi zaune a kan yashi, sai an taru an tura. Ko ka bar shi a busasshen wuri da hantsi, kafin la'asar sakaliya ruwa ya ɗauke shi. Ka kafa kalli da yamma a ruwa mai sanyin tafiya, cikin dare ƙarfinsa ya ƙaru ya naɗe ta a jikin itace, kuɗin wata guda ya tafi. Yara na wanka a inda jiya yake iya ƙugu. Kawu ya ce sama ba hadari, ba iska, ba wata alama da iliminsu na gado zai karanta, don ba daga sama ruwan yake zuwa ba.

Da waɗannan muryoyi a kunnena na zauna da daftarin tsarin. A intanet aka sa shi, da Turanci, na kai shagon kwamfuta aka buga mini. Shafuka ne masu yawa cike da jadawali. Na nemi kalmar jirgi ko masunta ban samu ba. An yi maganar kogi a matsayin wurin da ke da ƙarfin megawat kaza da ba a taɓa ba tukuna. Amma wani sakin layi ya tsayar da ni, inda ake cewa za a ƙara wutar hasken rana sosai, kuma madatsun ruwa za su taimaka wajen daidaita layi. Ban gamsu da fahimtata ba, sai na kira wani tsohon ɗalibina da ya karanta injiniyan lantarki, ya warware mini.

Ga yadda abin yake. Wutar rana tana da ƙarfi daga hantsi zuwa la'asar, tana mutuwa da faɗuwar rana. Daidai lokacin ne kuma mutane ke komawa gida su kunna fitila da fanka da talabijin, buƙata ta hau sama. Dole wani abu ya cike gurbin cikin gaggawa: ko batir, ko injin gas, ko ruwa. Injin ruwa cikin 'yan mintuna ake tayar da shi, kuma an riga an gina shi, ba sai an sayi mai ba. Saboda haka duk mai lissafin kuɗi zai ce a riƙe ruwa da rana, a sake shi da yamma. A wurin injiniya wannan hikima ce, kuma ni ma na yarda hikima ce. A ƙasan dam kuwa ma'anarsa ita ce abin da kawu ke kuka da shi jefi-jefi zai iya zama na kullum, kuma ya ƙara tsanani. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokacin. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, kuma hanin yana da kyau. To amma sakamakonsa shi ne kowa na rige-rigen haye kafin magariba: masu dawowa daga kasuwa, masu dawowa daga gona, jirgi cike da mata da yara da babur. Idan ƙarin ruwa zai riƙa isowa mashigi a wannan sa'ar, an haɗa abubuwa biyu da bai kamata su haɗu ba, alhali babu wanda ya yi niyyar mugunta. Ofishi ɗaya na duba wuta, wani na duba jirage, ba wanda ya ɗora takardun biyu a kan tebur guda.

Wannan ne na kawo wa taron da Sarkin ruwa ya kira a ƙofar gidansa, kuma a nan aka yi gardama mai zafi. Wasu samari suka ce tunda dama ta samu a nemi injinan jirgi da rigunan kariya da guraben aiki. Wani dattijo da ambaliya ta ci gonarsa ya ce mu je mu ce ba ma son kowane dam kuma, har abada. Na fahimci kowa. Amma na roƙe su mu duba wace ƙofa muke ƙwanƙwasawa. Rigunan kariya da tallafi suna da hukumarsu, HYPPADEC mai raya yankunan da ake samar da wutar ruwa, wadda aka yi dokarta a 2010 ta fara aiki a 2021, hedikwatarta a Minna, kuma ta raba riguna a garuruwan bakin ruwa. Can ya kamata a kai wannan. Idan muka cika minti biyar ɗin da za a ba mu a zauren da roƙon kaya, za a rubuta cewa al'umma sun nemi tallafi, a wuce. Batun ƙin dam gaba ɗaya kuma, ni ban goyi baya ba, na kuma faɗa a fili. Matanmu na haihuwa a asibiti da fitilar waya. Mai kifi na asarar rabin kamunsa don ba ƙanƙara. Muna son wuta kamar kowa, har mun fi wasu buƙata. Abin da za mu nema shi ne a rubuta mu a cikin lissafin tun yanzu.

Wani ya tayar da maganar haɗarin Mayun 2021, lokacin da jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara a Ngaski ya nutse da mutum fiye da 150, 'yan ƙalilan suka tsira. Ya ce a sa shi a takarda a ɗora wa dam. Sarkin ruwa ya hana. Ya ce lodi fiye da kima da tsufan jirgi namu ne, kowa ya sani, kuma wanda ya je gaban hukuma da rabin gaskiya za a kama shi da ita a watsar da sauran maganarsa. Ya ce mu faɗi namu laifin da bakinmu, sannan mu faɗi abin da ba a hannunmu yake ba. Na ga amfanin wannan shawara a ranar zaman.

Takardar da muka rubuta shafi biyu ce. Zuciyarta ita ce jadawalin ruwa: a wajabta wa duk mai gudanar da dam, na yanzu da na gaba, ya riƙa sanar da lokacin da zai ƙara ko ya rage sakin ruwa, da Hausa da Nufanci da sauran harsunan bakin kogi, ta rediyo da saƙon waya zuwa ga sarakunan ruwa, don jiniya iyakarta kusa da dam. Ruwa ba ya isa ƙauyen da ke nesa sai bayan awoyi, ashe akwai lokacin gargaɗi in an so. Muka nemi a sa iyaka ga saurin ƙarin, a riƙa hawa da shi mataki-mataki maimakon a buɗe gaba ɗaya, a kuma bar wani ruwa yana gudana ko da injina na hutawa don kada jirage su zauna a yashi. Ga na saman dam kuwa, a riƙa bayyana hasashen cikar tafki da saukarsa a farkon kowace shekara. Sannan duk sabon dam, a share hanyar jirgi a kafa mata alama kafin a tare ruwa, kuɗin kuma ya shiga cikin kuɗin ginin. Na rubuta da Hausa na karanta wa jama'a, suka gyara, sannan na yi ta Turanci. Masu sa hannu suka sa, sauran suka dangwala. Na aika ta imel, na kuma kai kwafi da hannu aka buga mini hatimin karɓa a kan nawa. Duk mai shirin irin wannan aiki kada ya bar ofis ba tare da wannan hatimi ba.

Ranar zaman mun je da kawu da wata mata mai sayen kifi da wakilin Sarkin ruwa. Kuɗin mota karo-karo aka yi a mashigai. Zauren otal ne mai sanyi, an cika shi. A bakin ƙofa akwai rajista, akwai kuma wata takarda daban ta masu son yin magana, wadda ba a sanar da ita da ƙarfi ba, sai da na tambaya aka nuna mini. Na rubuta sunan kawu. Safiya duk ta tafi a jawabai da nunin jadawali a bango. Masu masana'antu suka yi kukan tsadar wuta, masu gidaje suka yi na rashin mita, kuma duk gaskiya suka faɗa. Sai bayan azahar, mutane sun fara raguwa, aka kira mu.

Na nemi izini kawu ya yi magana da Hausa ni in fassara, shugaban zaman ya amince, ya ma ce yawancin zauren na ji. Kawu bai taɓa riƙe makirufo ba. Ya riƙe shi nesa da baki sai da aka matso masa da shi. Ya yi sallama, ya ce, "Ranku ya daɗe, ni mai fito ne. Mu ma muna da laifi, muna cika jirgi, wasunmu ba sa son riga. Wannan muna gyarawa. Amma akwai wanda ba za mu iya gyarawa ba. Direban mota idan ya fito da safe, hanyar da ya bari jiya ita zai tarar. Ni tawa hanyar wani ne ke canja ta daga ofis, kuma ba ya gaya mini. Ba mu ce ku daina wuta ba. Ku gaya mana ƙarfe nawa."

Zauren ya yi tsit. Na karanta buƙatunmu a cikin lokacin da ya rage. Sai wani injiniya daga cikin masu zaman ya nemi ya ba da amsa, kuma amsar tasa ta ƙara mini ilimi. Ya ce mai gudanar da dam ba shi kaɗai ke zaɓar lokacin tayar da inji ba, cibiyar kula da babban layin ƙasa da ke Osogbo ce ke ba tashoshi umarni gwargwadon buƙata, wani lokaci kuma idan layi ya tangaɗa dole a nemi ruwa nan take. Ya ce sakin ruwan ambaliya ta ƙofofin dam daban ne da ruwan da ke bi ta injina, na farko akan yi masa sanarwa, na biyun ne ba a saba yi ba. Ya ce ranakun gaggawa ba za a iya alkawari ba, amma na yau da kullum ana tsara shi tun kafin ranar, don haka sanar da shi ba abu ne mai wuya ba. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, don ta nuna cewa abin da muke nema yana yiwuwa, kuma ta nuna mana cewa wasiƙarmu ta gaba ba wuri ɗaya za ta je ba.

Wakilin Sarkin ruwa ya ɗaga hannu ya ƙara tambaya guda da ba ta cikin takardarmu. Ya ce baƙin ruwan da ake cika Kainji da shi ta Nijar yake biyowa, ga shi kuma suna gina nasu dam a Kandaji, sama da Yamai. Shin lissafin shekara ashirin ɗin nan ya san da haka? Tambaya ce mai nauyi. Kandaji an tsara shi a kan megawat 130, kuma duk dam da aka yi a sama zai taɓa lokacin isowar ruwa a ƙasa. Akwai hukumar ƙasashen Kogin Neja mai mambobi 9 da ke zaune a Yamai don irin wannan. Masu tuƙi a Ayoru da Tilaberi da Gaya 'yan uwanmu ne na sana'a, wasu ma na jini, kuma abin da muke nema a nan su ma za su buƙace shi a can. Aka ce an rubuta tambayar.

Bayan an dawo gida aiki bai ƙare ba. Na riƙa bibiya ta waya da imel har aka fitar da rahoton zaman. An ambace mu a cikin jerin waɗanda suka ba da bayani, an kuma sa jimla guda cewa a yi la'akari da masu amfani da kogi a ƙasan madatsun ruwa, a samar da hanyar sanar da su. Batun iyakar saurin sakin ruwa bai shiga ba, haka ma na share hanyar jirgi. Wasu a garinmu suka ce wahalar banza aka sha. Ni ban ga haka ba. Jimlar nan yanzu tana cikin takardar hukuma, kuma duk wasiƙar da za mu rubuta nan gaba da ita za mu fara. Amma ban ɓoye wa kowa cewa kaɗan ce ba, kuma yin la'akari ba wajabtawa ba ne. Wurin da buƙatunmu za su yi haƙori shi ne cikin sharuɗɗan lasisin masu gudanar da dam, da cikin rahoton nazarin muhalli na kowane sabon aiki. Dokar nazarin muhalli ta 1992 ta sa ana baje irin wannan rahoto ga jama'a, akan ba da kwanakin aiki 21 a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli. Yawanci ba mai zuwa dubawa daga bakin ruwa, don ba a ji ba. Yanzu mun sa wani ɗanmu da ke aiki a sakatariya ya riƙa duba allon sanarwa.

Abu ɗaya da injiniyan nan ya gaya mini a bakin ƙofa shi ne, labari na taɓa zuciya amma lamba ce ke canja lissafi. Saboda haka a mashigin su kawu an kafa turke an yi masa zane da jan fenti, tazarar tafin hannu tsakanin kowane layi. Wani ɗalibin sakandare na duba shi bayan asuba, da azahar, da kuma kafin magariba, ya rubuta a littafi tare da duk jirgin da ya zauna a yashi ko kallin da ta ɓata a ranar. Mu ma a sama mun kafa namu a mashigai biyu, muna kuma rubuta makon da kowane sanannen kututture ya fara leƙowa. Sarkin ruwa ya ce bayan girbin albasa za a aika wa sarakunan ruwa na ƙasar Nufe da na Borgu su ma su kafa nasu, a haɗa littattafan wuri guda kafin a kira zama na gaba.